Ranar da Allurar Motar Nura Ta Kai Ɗari da Tamanin

Ranakun aiki da yawa sun shige mini, amma ban da Alhamis ɗin da Baba Iro ya fito daga motar Nura ba hula a kansa. Ku da kuka shigo garejin nan bana kun ishe ni da tambayar yadda aka yi mace ta samu ramin duba mota a Batsari. To ga shi a rubuce. Wanda ya sake tambayata zan miƙa masa takardar nan in ci gaba da aikina.

Damina biyu ke nan da faruwar abin. Lokacin shekarata uku a garejin Kawu Mamman, ƙanen mahaifiyata. Ga wanda bai san tsarin gareji ba, akwai oga mai wuri, shi ke karɓar mota ya yanke magana. Ƙarƙashinsa akwai babban bakanike, a wurinmu Oga Lawwali ne, shi ke kwance inji da giya. Sai masu koyo, masu wanke noti da miƙa sifana. Ni ba na cikin ko ɗaya. Ina gama sakandare Kawu ya ɗauko ni ya zaunar a kantin baƙin mai da filta da ke bakin ƙofa, wai don na iya lissafi. Na ce masa ni ƙarfe nake so in taɓa. Ya ce to, a hankali. Shekara uku muna a hankali. Abin da na iya, da leƙe na koya, da kuma kwance tsofaffin giyoyin da aka jefar bayan kanti ina sake haɗa su in rana ta take ciniki ya tsaya. Lawwali kuwa 'yar kanti yake ce mini, ko a gaban baƙi.

Nura ɗan wani babban mai sayen gujiya ne daga Karare. Ya je Kano ya sayo wata jar motar tsere, ƙofa biyu, kujera biyu, ƙasa-ƙasa, in kaza za ta shiga ƙarƙashinta sai ta sunkuya. Tsohuwa ce, ta girme ni, kuma da tayoyin baya take ja. A agogon gudunta an rubuta har ɗari biyu da sittin, shi kuma Nura duk abin da aka rubuta ya yarda da shi. A majalisarsu ta wurin mai shayi ya bugi ƙirji ya ce tana yin ɗari da tamanin ba ta ko numfasa ba. Wani malamin firamare da ke zama a majalisar ya ce a gani a ƙasa. Aka sa rana, Alhamis ta sama, aka zaɓi shaida, Baba Iro, tsohon direban babbar mota da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Shi zai zauna a kujerar gefe ya ga allura da idonsa. In ba ta kai ba, majalisa ta riga ta tanadar wa motar suna, Kunkurun Karare. Kun san garin nan, in suna ya kama mutum har jikokinsa za su amsa shi.

Nura ya je ya gwada a ɓoye, allura ta kai ɗari da hamsin ta tsaya cak. Ga kuma wani kuka da ke fitowa daga bayan motar, kamar an take wutsiyar kare, saboda duk bikin da aka yi a Batsari da Safana sai ya je ya yi ta juya ta a fili tana tada ƙura. Ranar Juma'a da safe ya kawo ta wurinmu.

Bari in yi bayani, don nan maganar take. Tsakanin tayoyin baya akwai wata tukunyar ƙarfe, difiransha. A cikinta ƙarafa biyu masu haƙora ke cizon juna: babban faifai, muna ce masa kurawun, da ƙarami mai juya shi, finiyo, wanda ke ɗaure da farfela, doguwar sandar nan da ta taho daga giya. Ka ƙirga haƙoran babban ka raba da na ƙaramin, ka samu sau nawa farfela za ta juya kafin taya ta zagaya sau ɗaya. In lambar ta yi ƙasa, mota ta samu doguwar ƙafa: tana nauyin tashi, amma in ta samu hanya da inji mai ƙarfi tana nisa. In lambar ta yi sama, ƙafa ta gajarta: tana zabura kamar an tsikare ta, tana hawa tudu, amma ƙarshen gudunta ba nisa. Duk wanda ya tuƙa keke mai giya ya san wannan a cinyarsa.

Da Lawwali ya buɗe tukunyar, haƙora uku sun karye. Na asali arba'in da ɗaya ne da sha ɗaya, wato uku da ɗigo bakwai. Kawu ya buga wa mai kayan gyaranmu na Katsina waya, mutumin ya ce irin wannan babu ko a Kano, amma yana da kala biyu da za su zauna a tukunyar, zai ba direba ya kawo mu zaɓa. Ranar Asabar suka iso a buhu. Na baro kanti na ƙirga da yatsa ba wanda ya sa ni. Ɗaya arba'in da uku da sha uku, uku da ɗigo uku ke nan, doguwar ƙafa. Ɗayan arba'in da ɗaya da tara, huɗu da ɗigo shida, kuma daga a-kori-kura aka ciro shi, kamfaninsu ɗaya da motar Nura.

Lawwali bai ƙirga komai ba. Ya ɗaga su a hannu ɗaya bayan ɗaya kamar mai sayen kabewa, ya ce na a-kori-kura na dakon buhunan gero ne, sa shi a motar tsere cin mutunci ne. Nura yana jin an ce gero ya ja da baya. Ni kuma bakina bai iya zama ba. Na ce injin nan ya gaji, ba zai ja doguwar ƙafa ba. Na ce wurin gudu ɗaya ne a duk yankin nan, miƙaƙƙiyar kwaltar da ke tsakanin shingen bincike na bakin gari da ramukan gaba, bai fi kilomita uku ba, kafin ta gama tattara ƙarfinta hanya ta ƙare. Na fara maganar allura ke nan Lawwali ya juya ya tambayi Kawu ko yau kanti hutu yake.

Aka yi dariya, na koma kanti. Na sayar wa wani mai babur baƙin mai cikin fushi har ya tambaye ni ko lafiya.

Gaskiya a takarda Lawwali bai yi kuskure ba, doguwar ƙafa ita ce ta gudu. Ya kuma ɗaura ta da kyau, kuka ya ɗauke. Ranar Litinin Nura ya zo ɗauka. Ya saki kulochi, mota ta mutu. Ya sake, ta mutu. A na uku ta tashi kamar tsohuwa ta miƙe daga tabarma. Ya hau kwalta ya take totur har ƙasa, allura ta kai ɗari da ashirin da biyar, sai ga ramuka. Daga nan ya nufi gida Karare, a mashigin rafi yashi ya riƙe ta. Shanun huɗar wani manomi suka jawo ta, mata masu dawowa daga gona suna tsaye suna kallo, ɗaya har tana tambaya ko ta yara ce aka yi babba.

Talata da sassafe ya dawo da guntuwar igiya a maƙale a gaban motar. Bai gai da kowa ba, abin da ba a yi wa Kawu. Lawwali ya ce laifin fetur ne, an gauraya shi. Nura ya ce da wannan fetur ɗin ta yi ɗari da hamsin makon jiya. Kawu ya sosa gemu, ya ɗaga murya.

"Ke ɗiyata, zo nan. Mi kike son cewa ran nan?"

Na ɗauko alli na durƙusa na rubuta musu lambobin a siminti. Na ce allurar motar nan ba ta san taya ba, juyin farfela take ƙirgawa daga cikin giya, kuma an saita ta ne da haƙoran asali. Da aka sa doguwar ƙafa, farfela ta rage juyi, allura ta rage abin da take nunawa. Ɗari da ashirin da biyar ɗin da ya gani, wajen ɗari da arba'in yake yi. Wato an rage masa gudu, an kuma rage masa abin nunawa. In aka sa mai haƙora tara za ta tashi da wuri, ta kai ƙarshen ƙarfinta kafin ramuka, yashi kuma ba zai sake kunyata shi ba.

Kawu ya kalli rubutun, ya kalli Lawwali, ya kalle ni.

"Kwana biyu gare ki," ya ce. "In yaron nan ya tafi ranar Alhamis yana dariya, kin bar kanti. In ya tafi da fushi, kada in ƙara jin kalmar sifana a bakinki."

Na ce na ji. Na ɗaure ɗankwalina na ari rigar aiki da ta yi mini yawa har sai da na naɗe hannu sau uku.

Ɗaura kurawun da finiyo ba ɗaure noti ba ne. Dole haƙoran su ciji juna a tsakiya, ba a baki ba, ba a gindi ba, kuma da wasa, 'yan siraran zobban ƙarfen nan, ake matsar da su kaɗan-kaɗan. Mu ba mu da fentin gwaji na kamfani. Bular wanki nake kwaɓawa da giris in shafa a haƙoran babban, in juya da hannu, in duba inda shuɗin ya goge. Na haɗa na kwance sau huɗu ranar Talata, duk cizon yana fita gefe. Lawwali ya jawo benci ya zauna kusa yana ɓare gujiya, yana ba iska shawara. Ya ce wa iska a zamaninsu mata tuwo suke tuƙawa. Ya ce wa iska bula ta farin kaya ce. Ni ban tanka ba, don in na tanka da sifana zan tanka. Laraba da hantsi ina neman wasa mafi siranta na rasa, sai na ga wata ta gangaro ta tsaya a gefen gwiwata. Na ɗaga kai, Lawwali yana kallon titi kamar bai san ƙafarsa ta motsa ba. Ita ce daidai. Har yau bai amsa cewa shi ya turo ta ba, ni ma ban gode masa ba, kuma a haka muke zaman lafiya.

Da la'asar Nura ya zo. Ya saki kulochi yadda ya saba tun Litinin, da totur mai yawa, mota ta yi tsalle ta kwashe bencin Lawwali da kwanon gujiyarsa. Ya zagaya ya dawo haƙora a waje. Kafin ya fito na leƙa ta taga.

"Nura, ka saurara, ba zan maimaita ba. Motarka ta samu ƙarfin tashi, amma allurar nan yanzu ƙari take yi. In ta nuna maka ɗari da ashirin, ɗari kake yi."

Ya motsa leɓe yana lissafi. Ya tambaya to in ta nuna ɗari da tamanin fa. Na ce bai kai ɗari da hamsin ba, gudunsa na da ne, bai ƙaru ba.

"Amma za ta nuna?"

Na ce za ta nuna.

"Injiniya, Allah ya yi miki albarka."

Na ce akwai ɗan ƙaramin haƙori a cikin giya da ake canzawa allura ta dawo gaskiya, zan sa a kawo. Ya kalle ni kamar na ce zan yanke masa yatsa, ya ɗaga gilashi.

Alhamis bayan azahar rabin kasuwa ta watse ta koma bakin kwalta. Kawu ya rufe gareji muka tafi har da Lawwali. Ana cikin jira malamin firamaren nan ya zaro wayarsa ya ce akwai abin auna gudu a ciki, da tauraron ɗan'adam yake aiki, a ba Baba Iro ya riƙe, za ta ajiye mafi girman gudun da aka yi. Ni na san waya da allura ba za su zo ɗaya ba. Nura bai ma gane abin da ake nufi ba, yana ta goge madubi da hannun riga.

Shigar da Baba Iro motar ma aiki ne. Dogo ne, ga babbar riga, sai da mutum biyu suka naɗe shi suka tura. Ya karanta addu'ar hawa abin hawa, ya ƙara da wasu. Yana cikin gyara zama Nura ya saki kulochi. Abin da muka gani kawai shi ne hular Baba Iro ta fito ta taga tana birgima a kwalta.

Ba su yi minti biyar ba suka dawo. Nura ya fito yana tsalle. Baba Iro bai fito ba. Aka buɗe ƙofa aka zare yatsunsa daga jikin kujera ɗaya-ɗaya, aka fito da shi, ya zauna a ƙasa ya nemi ruwa. Da ya sha ya ce ya ga allura ta hau ɗari da tamanin har ta ɗan gota, daga nan ya rufe ido ya shiga kalmar shahada, bai san sauran ba. Wuri ya kaure. Malam kuwa ya durƙusa ya lalubo wayarsa a ƙarƙashin kujera, inda ta faɗa tun tashin farko, ya ɗaga ta sama. Ɗari da arba'in da bakwai.

Gardama ta tashi, masu waya da masu allura. Can Malam ya hango ni a bayan Kawu, ya ce ai ga wadda ta yi aikin nan.

"Malama, tsakaninki da Allah, wanne ke faɗin gaskiya?"

Nura ya kafe ni da ido, dariyar ta bushe a fuskarsa. Kawu ya ɗaga kai yana duba hadari, alhali sama tas take. Na san abin da ke kan layi, kanti na nan yana jirana da jarkokinsa. Amma an ce tsakanina da Allah, kuma ni dama ban iya zagaye ba.

"Waya," na ce. "Allura ƙari take yi, kuma na gaya wa mai motar tun jiya."

Na ji Lawwali ya ja numfashi a bayana. Nura ya buɗe baki, amma Baba Iro ya riga shi. Ya miƙe da taimakon mutum biyu, ya ce shekara talatin yana tuƙi daga nan har kudu, ya san gudu a ƙashin bayansa, kuma abin da ya ji yau in ma akwai kuskure to allurar ce ta rage. Ya ce wayar da sai an hau tudu kafin ta kira Safana, ita ce za ta auna mota daga ƙarƙashin kujera? Ita kuma yarinyar nan, ya ce yana nuna ni, a bar ta, tarbiyya ce. Aikinta na farko ne, tana tsoron baki ya kama shi, shi ya sa take rage wa kanta. Haka 'ya'yan mutunci ke yi.

Ni. Ni da ko a gidanmu ba a taɓa zargina da kunya ba.

Na ce ba kunya ba ce, lissafi ne, a ba ni alli. Mutane suka yi ta gyaɗa kai suna cewa Allah sarki, ji yadda take ƙara ɓoyewa. Wata tsohuwa mai sayar da fura ta dafa kaina ta sa mini albarka. Malam ya ce shi fa ya yarda da ni, aka ce masa dama mai waya ai bayan waya zai bi. Na sake buɗe baki Kawu ya taka mini ƙafa. Majalisa ta yanke cewa mota ta yi ɗari da tamanin, aka ɗaga Nura sama. Da ya sauko ya zo wucewa ta gabana yana dariya har da hawaye, ya ce Injiniya ba ta da daɗin baki amma tana da hannu.

Da muka koma gareji Kawu ya kira ni gefe. Ya tambaye ni me ya sa na buɗe baki a gaban jama'a. Na ce tambayata aka yi. Ya ce da Baba Iro bai tsorata haka ba fa? Na ce da yanzu ina kanti. Sai ya ce sharaɗi dai dariya ne, kuma yaro ya tafi yana dariya, don haka daga gobe ramin gefen dalbejiya nawa ne. Amma ya ƙara doka ɗaya, wadda kuka tarar kuna mamakinta: aiki nawa, magana da mai mota ta Lawwali. Lawwali ya ce wannan shi ne hukunci mafi adalci da aka taɓa yankewa a garejin.

Na ce to saura ɗan haƙorin allura, a kira Nura a gyara. Kawu ya ce in ya yarda a gyara, in bai yarda ba kada in bi shi. Yaro mai son gudu da ke tafiya ƙasa da abin da yake zato, ya ce, uwarsa ce ta ci riba.

Abin da nake so ku ɗauka ke nan, ku masu koyo. Kada ku zaɓi haƙora da nauyinsu a hannu, ku ƙirga, ku raba. Ku duba ƙarfin da ya rage wa injin, ba wanda aka rubuta ranar da aka ƙera shi ba, ku kuma tambayi hanyar da motar za ta riƙa bi, don mai zuwa Karare da damina ba doguwar ƙafa yake bukata ba ko da ya rantse. Sannan in mai mota ya ce gudu yake so, ku ɗan saurara, sau da yawa abin da zai faɗa a majalisa yake so. Wannan ba aikinku ba ne ku ƙera masa, ba kuma aikinku ba ne ku ɓoye masa. Ku faɗi gaskiyar abin da kuka ɗaura, a fili, ko za ta mai da ku kanti. Yarda da ita kuma, wannan na mai mota ne.

Nura har yau bai bari an taɓa allurar ba. In ya shigo ya ce daga Safana ɗari da ashirin ya riƙe har gari, sai Lawwali ya ce masha Allah, ni kuma daga cikin rami in ce ɗari.